Wurin Zaman Yaya Zubaida

Ƙafin Maiyaki,
Farkon watan Rajab.

Zuwa ga Gwaggo Hasiya,

Assalamu alaikum. Gwaggo, ki yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto miki takarda, alhali ba ki neme ni ba, kuma ban isa sa baki a maganar manya ba. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya farawa.

Ni ce Hamdiyya, 'yar marigayi Idris, ɗan ƙanin mahaifinki. Rabonki da ni tun zaman makokin Baba. Ni ce na kawo miki buta kika ce in ɗaga kai ki ga fuskata. Ina fatan kina lafiya, da mutanen gida, da yaran shago. Inna tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana fita kasuwa.

Inna ta gaya mana kin amince Yaya Zubaida ta zo wurinki ta koyi ɗinki. Allah ya saka miki da alheri. Na san kin ji labarin faɗuwarta a makaranta, amma ina tsoron kin ji shi yadda mutane suke faɗa. Da na so in gaya miki ta waya, to wayar gidanmu tana hannun Kawu Adamu, kuma a tsakar gida ake amsa ta, kowa yana ji.

Tun bayan rasuwar Baba abin ya same ta. Sai ƙirjinta ya matse, numfashi ya ƙi shiga, hannunta ya kama rawa, ta ji kamar mutuwa za ta yi. Idan ta samu iska da shiru sai ya wuce. Likita a Kano ya ce ciwon firgici ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ya ba ta magani.

Malamin ajinsu, Malam Rufa'i, shi ya fara gane yadda za a yi da ita. Ya mayar da kujerarta kusa da ƙofa. Ya ce idan ta ji abin yana tasowa ta fita ba sai ta nemi izini ba, ta dawo idan ya lafa. Ya daina jefa mata tambaya ba zato, kuma ya bar ta ta rubuta jarrabawa a ɗakin karatu inda babu hayaniya. Zango guda cur ba ta faɗi ba, har ta ci lissafi. Sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Doguwa. Wanda ya gaje shi ya mayar da ita tsakiyar aji, ya ce ba wanda ya fi wani. Ranar da ta faɗi a wurin taron safe, wasu 'yan mata suka bi ta suna faɗuwa suna ihu. Iyaye suka ce ita ta kawo iskokai makaranta, aka ce ta zauna a gida.

Gwaggo, abin da nake roƙo bai fi abin da Malam Rufa'i ya yi ba. A ajiye ta kusa da ƙofa. A bar ta ta fita idan ta ji ƙirjin. Kada a daka mata tsawa, domin tsawa tana tayar da shi. Maganin yana sa mata nauyin jiki da safe, a yi mata haƙuri idan ta makara kaɗan.

Ba raguwa ba ce. Da takardar buhun siminti take yanka samfurin riga, ta gwada a jikina, ya zauna daidai. Burinta ta iya yanka, ta samu keken kanta, ta sauke wa Inna nauyi.

Malam Ɗanmaraya direba, mai kai hatsi Tudun Wada ranar kasuwa, shi zai kawo miki wannan.

'Yarki,
Hamdiyya Idris.

*

Tudun Wada.

Zuwa ga Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ciwon bayan da zaman keke ya gadar mini. Ki gai da uwarki, ki ce ta rage yawo da ƙafar nan.

Takardarki ta iso. Ni idona ba ya ɗaukar rubutun boko, sai na miƙa wa Hauwa, babbar yarinyar shagona, ta karanta mini muna cikin aiki. Ita ce ma take rubuta wannan. Kai, 'yar Idris! Ashe likita gare mu a dangi ba mu sani ba. Da aka zo wurin kada a daka mata tsawa, sai da yara suka tsayar da kekuna, wata har da riƙe ciki. Ni matar da ta koya mini ɗinki da katakon awo take jifa, ga tabon nan a goshina, kuma ga ni da shago.

Na yaye yara ba adadi, ban taɓa ganin wadda ta aiko da sharuɗɗa kafin ta iso ba, sai ka ce 'yar gwamna. Amma jinin Idris ce, ba zan ƙi ta ba. Ku turo ta. Duk abin da kika jera za a yi mata, ɗaya bayan ɗaya, ba zan tsallake ko guda ba.

Gwaggonki,
Hasiya.

*

Ƙafin Maiyaki,
Tsakiyar watan Rajab.

Zuwa ga Gwaggo Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayanki ya yi sauƙi. Inna ta ce a gaya miki man kaɗanya da ɗan ruwan ɗumi yana taimaka mata.

Gwaggo, ban san da wane baki zan gode miki ba. Na karanta wa Inna da Yaya inda kika ce ba za ki tsallake ko guda ba. Yaya ta yi murmushi, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Na ji kunya da aka karanta takardata a shago, amma Inna ta ce hakan ya fi, tunda yanzu duk sun sani za su riƙa taimaka mata. Ba likita ba ce ni, Gwaggo, 'yar aji biyar ce kawai. Abin da na gani da idona na faɗa.

Ga ta nan tare da Malam Ɗanmaraya. Maganinta yana cikin gwangwanin madara a ƙasan jakarta, zai kai ta bayan Sallah, lokacin da likita ya ce a mayar da ita. Ga kuka da daddawa daga Inna.

'Yarki,
Hamdiyya.

*

Ƙafin Maiyaki,
Tsakiyar Azumi.

Zuwa ga Gwaggo Hasiya,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa. Ina fatan kuna lafiya da wannan zafi. Mu nan lafiya, sai rijiyarmu da ta ja baya.

Na aiko takarda a Sha'aban ban ji amsa ba. Na ce wa kaina aikin Sallah ne ya yi muku yawa, kuma shiru alamar lafiya ce. To jiya Malam Ɗanmaraya ya tsaya a ƙofar gidanmu neman ruwan alwala, na gaishe shi na tambaye shi Yaya.

Ya ce, "Wacce? Mai zama a waje?"

Na ce, "A'a, a cikin shago take, kusa da ƙofa."

Ya ce, "'Yar nan, ni dai duk zuwana a waje nake ganinta, kan benci, ƙarƙashin rumfar kwano, tana ɗinka maɓalli. Babu keke a gabanta. Rannan ma sai da na kori yara, sun kewaye ta suna cewa ta faɗi su gani."

Gwaggo, na san Malam Ɗanmaraya yana da ƙarin gishiri a magana, kuma wataƙila ya zo ne daidai lokacin da ta fito shan iska. Ban gaya wa Inna ba. Idan akwai abin da ban rubuta daidai ba a takardata ta farko, laifina ne, ki gaya mini in gyara. Shin ta fara taka keke? An fara nuna mata yanka?

'Yarki,
Hamdiyya.

*

Tudun Wada.

Zuwa ga Malama Likita,

Wa alaikumus salam. Muna shan ruwa lafiya. Bayana yana nan yadda yake, man kaɗanyar uwarki bai yi komai ba.

Wato yanzu 'yan leƙen asiri kike turo mini? Ɗanmaraya bai yi ƙarya ba, kuma babu abin da kika rubuta ba daidai ba. Hauwa, rubuta mata dalla-dalla yadda za ta gane.

Kin ce kusa da ƙofa. Bencinta jingine yake da ƙofar. Kin ce a bar ta ta fita ta sha iska ba sai ta nemi izini ba. To don me za ta yi ta shiga da fita tana tsallake mini kayan mutane? Na bar ta a inda iskar take. Kin ce kada a daka mata tsawa. Na tara yara na ce duk wadda ta yi mata magana, ko gaisuwa ce, ta tattara kayanta. Tun zuwanta babu wanda ya ɗaga mata murya. Me kuma ya rage?

Maganar yanka kuwa, ke yarinya ce. A shagona ba a ba yarinya almakashi sai na yarda da hannunta, domin ɗinki idan ya ɓaci ana farke shi, amma yadin da aka yanka ya yanku. Da bakinki kika ce hannunta yana rawa. In ɗauki leshin Sallah na matar mutane in miƙa wa mai rawar hannu? In ba mai taɓin hankali ƙarfe mai kaifi a tsakiyar 'ya'yan mutane? Wata Hajiya ma da ta ji labari cewa ta yi kada yarinyar ta taɓa mata atamfa, kada abin ya bi zane ya shiga gidanta. Maɓallin ma a ɓoye nake ba ta.

Ƙwayoyin nan na gwangwani na karɓe. Yarinya ta yi sahur ta koma ta kwanta kamar gawa har rana ta take, wannan ba magani ba ne, maye ne. Na karɓo mata rubutu da hayaƙi wurin malaminmu. Abin da uwarku ya kamata ta yi ke nan tun farko, maimakon yawon asibiti.

Ki mayar da hankali kan karatunki, ki bar mini shagona.

Hasiya.

*

Tudun Wada,
Bayan Sallah.

Hamdiyya,

Ina gaisuwa. Ki gai da Inna, ki ce mata ina lafiya. Kada ki ce mata komai bayan wannan. A bayan kwalin zare nake rubutu, zan miƙa wa Malam Ɗanmaraya idan na fita zubar da shara.

Don Allah ki daina rubutowa. Duk ranar da takardarki ta zo, kirana ake yi ciki, a tsayar da ni tsakiyar shago, Hauwa ta karanta da irin muryarki, tana lanƙwasa wuya. Ranar ce kaɗai nake shiga. Sun haddace ta farkon. Idan zan wuce sai wata ta dafe ƙirji ta ce wa 'yar uwarta, "Wayyo, numfashi ya ƙi shiga." Ba da ni suke magana ba, saboda haka ba su karya dokar Gwaggo ba.

Na san alheri kika nufa. Amma wa ya ce ki faɗi rawar hannun? Ni ban taɓa yanka takarda ta karkace ba, ke shaida ce.

Tun da aka karɓe maganin ba na iya barci, abin kuma yana zuwa a kai a kai. Ana jibi Sallah ya kama ni a kan bencin, ranar kasuwa. Na so in tashi in je inda babu mutane, to ina? Ko'ina mutane ne. Na faɗi. Na farfaɗo wata mata tana murɗa mini babban yatsa tana cewa, "Faɗi sunanka! Daga ina ka fito?" Wani yana zuba mini ruwa, wani yana ɗauka a waya. Ina jin Gwaggo tana ce musu ita ma taimako take yi, marainiya ce.

Yanzu ba na zuwa shago. Ta ce ina korar mata masu kawo ɗinki. Ina gida, ni ce wanke-wanke, ni ce surfe, ni ce wankin yara. Ta ce wannan ba ya buƙatar almakashi. Keken da ta ce wa Inna za ta zaunar da ni a kai an ba wata sabuwar yarinya daga Falgore.

Abin da ya fi ci mini rai, na kusa ganewa. Ta taga nake kallon Hauwa tana yanka. Na gane yadda take fitar da hannun riga, na ga ma inda take kuskure, tana cinye yadi a hammata. Da an ba ni sau ɗaya.

Kada ki ba da amsa.

Zubaida.

*

Ƙafin Maiyaki,
Ƙarshen watan Shawwal.

Zuwa ga Gwaggo Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Ina yi miki sannu da baya. Mu nan lafiya. An yi ruwan farko, Kawu Adamu ya fara sharar gona.

Kafin komai, ina roƙon Yaya Hauwa da take karantawa. Don girman Allah, idan an kira 'yar uwata ta tsaya, ki karanta da muryarki. Ni ce na rubuta, ni ya kamata a yi wa dariya, kuma na yarda a yi.

Na ji daga bakin mutanen kasuwa cewa Yaya ta faɗi, kuma ta koma aikin gida. Na daɗe ban rubuto ba saboda na ga rubutuna ba ya jawo mata sai wahala. Na fara zuwa wurin manya, yadda ya kamata in yi tun farko. Na gaya wa Inna, ta yi kuka, ta ɗauki mayafi muka je wurin Kawu Adamu. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗaga kai ba.

Ya ce, "Tana cin abinci a can?"

Inna ta ce tana ci.

Ya ce, "To me kuke so? Makaranta ta koro ta, yanzu in je in ɗauko ta a ce shago ma ya koro ta? Hasiya ta rufa mana asiri. Ke kuma mai biro, ke kika jawo. Da kin yi shiru da yanzu tana kan keke."

Har muka dawo gida Inna ba ta dube ni ba.

Inna ta je asibiti da katin Yaya. Likita ya ce ba zai ba da magani ba sai ya ga mai shi, kuma ya yi faɗa da ya ji an tsayar da maganin farat ɗaya. Ya ce hakan yana dawo da ciwon fiye da da. Ba ni na faɗa ba, Gwaggo, shi ya faɗa.

Saboda haka na janye duk abin da na roƙa. Ban san komai ba, yarinta ce. Kada a ajiye ta kusa da ƙofa. A sa ta a tsakiya, ko a lungu, duk inda kika ga dama, in dai a cikin shago ne. A daka mata tsawa. A jefe ta da katakon awo idan ta yi kuskure, kamar yadda aka yi miki. Za ta fi son haka da shirun nan, na san ta. Maganar rawar hannu kuma, sai abin ya taso ne kawai, kuma tana jin zuwansa tun kafin ya iso, za ta ajiye almakashin da kanta. Ni ce ban iya bayani ba. Idan ba ki yarda ba, ki ba ta takardar buhun siminti, ba yadin kowa ba, ki tsaya a kanta ki gani.

Na san keken ya tafi, ban ce a tayar da 'yar mutane ba. Idan ma shagon ba zai yiwu ba yanzu, gwangwanin nan yana wurinki. Ki mayar mata da shi, ta haɗa da rubutun tana sha, ba sa faɗa da juna. Kuma ki ba ta aron rana ɗaya ta ga likita. Malam Ɗanmaraya ya ce zai ɗauko ta da safe ya mayar miki da ita kafin magariba, ba za a rasa wanke-wanken dare ba.

Kin ce in bar miki shagonki, kuma na bari. Amma idan ban rubuto ba, babu wanda zai tambaya, domin a gidanmu yanzu ba a ambaton sunanta sai Inna za ta raba tuwo ta ga kwano ya yi saura. Ina neman izininki, Gwaggo, in sake rubutowa idan an yi Babbar Sallah aiki ya ragu, ko Allah zai sa a yaye wata, keke ya samu. Ba sai kin ba da amsa a takarda ba. Ki ce wa Malam Ɗanmaraya to, ko a'a, zai gaya mini.

'Yarki mai neman afuwa,
Hamdiyya Idris.